Zaratan sojojin ko-ta-kwana: me za su iya tsinana wa ƙaramar ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. Ina yawan jin cewa ƙasashe irin su Finlan da Estoniya da Singafo suna da zaratan sojoji da suka gama horo suka koma gida, sai yaƙi ya taso a kira su. Mutumin da ke zaune a ofis ko shago, wane tasiri zai yi a gaban babbar ƙasa mai tankoki da jirage? Kuma tsarin zai yi aiki a irin ƙasashenmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Shakkar da ka nuna tana kan hanya. Mutum ɗari biyar ko dubu da aka kira daga gidajensu ba za su tare rundunar tankoki a fili ba, kuma ƙasar da ta san abin da take yi ba don haka take ajiye su ba. Abin da ake nema a wurinsu kwanaki ne: su hana ƙasa faɗuwa a ranar farko, su rage wa mai mamaya gudu har sauran runduna ta haɗu ko ƙawaye su iso, sannan idan an ci wani yanki, su sa zaman maƙiyi a cikinsa ya yi masa tsada. Wannan kuwa ba ya samuwa sai an yi shekaru ana shirinsa cikin zaman lafiya, kuma a ƙarƙashin doka.

Fara da taswira. Faɗin Estoniya kusan murabba'in kilomita 45,000 ne, wato kamar Jihar Kaduna, amma mutanenta miliyan 1.3 ne ko kusa da haka. Daga Narva, garin da ke bakin iyakarta da Rasha, zuwa Tallinn babban birni, kimanin kilomita 210 ne, bai kai nisan Kaduna zuwa Kano ba. Vilnius, babban birnin Lituwaniya, kilomita 30 ne tsakaninsa da iyakar Belarus. Wanda ya tashi daga Zariya zai je Kaduna, kafin ya kai rabin hanya ya cinye wannan tazarar. Babbar ƙasa tana iya rasa birane, ta ja da baya, ta sake ɗaura ɗamara, kamar yadda Tarayyar Sobiyat ta yi a 1941. Ƙaramar ƙasa ba ta da wurin ja da baya. Jamus ta shiga Danmak da asubahin 9 ga Afrilu, 1940, cikin sa'o'i kaɗan gwamnati ta miƙa wuya. Iraƙi ta shiga Kuwaiti ranar 2 ga Agusta, 1990, cikin kwana biyu ta gama da ita.

Kuma ba sai babbar runduna ba. Ranar 16 ga Janairu, 1977, sojojin haya ƙarƙashin Bob Denard suka sauka da jirgi ɗaya a filin jirgin Kwatano da nufin kifar da gwamnatin Mathieu Kérékou ta Binin. Sojojin da ke kusa suka yi musu turjiya, cikin 'yan sa'o'i suka koma jirginsu suka tsere. A Nuwamba 1988 'yan bindiga kimanin 80 suka kusa ƙwace babban birnin Maldibs, sai da Indiya ta turo sojojin laima. Ranar 24 ga Fabrairu, 2022, abin da Rasha ta fara kai wa hannu kusa da Kyiv, babban birnin Yukren, shi ne filin jirgin Hostomel. Wuraren da ake fara nufa ba sa sauyawa: filin jirgi, tashar ruwa, gidan rediyo da talabijin, fadar shugaba, manyan gadoji. Duk wanda ya riga isa waɗannan wurare da makami a hannu, shi ke da ranar.

To me ya sa ba za a riƙe zaratan duka a bariki ba? Kuɗi da yawan jama'a. Ƙasa mai mutum miliyan ɗaya ko biyar ba za ta iya cire dubban matasanta masu lafiya da ƙwaƙwalwa daga kasuwa da gona da asibiti ta riƙa biyansu albashi shekara da shekaru suna jiran yaƙin da mai yiwuwa ba zai zo ba. Sai ta riƙe 'yan kaɗan na dindindin, sauran ta horar da su ta sallame su, tana kiransu atisaye lokaci-lokaci. Finlan, mai mutum kusan miliyan 5.5 da iyakar kilomita 1,340 da Rasha, ta tsara rundunar yaƙi ta mutum 280,000, kuma mafi yawansu a yau suna wuraren aikinsu ne na farar hula.

Hanyoyin samar da zaratan ba ɗaya ba ne. A Finlan matashin da ya zo aikin soja na tilas yana iya neman shiga horon musamman a rundunar Utti. Idan ya ci jarrabawar zaɓe sai ya yi kwana 347, mafi tsawon wa'adin da ake yi, daga nan ya shiga rajistar ko-ta-kwana. Singafo, wadda ta fara aikin soja na tilas a 1967, tana riƙe matashi shekara biyu, sannan doka ta ba da damar a kira shi har kwana 40 a shekara. Birtaniya da Amurka ba ƙananan ƙasashe ba ne, amma a wurinsu aka fi ganin ɗaya hanyar, ta sa kai: runduna ta 21 da ta 23 ta SAS, wato dakarun musamman na Birtaniya, da rukuni na 19 da na 20 na dakarun musamman a Amurka, duk na mutanen da ke da sana'o'insu ne. Hanya ta uku, wadda ta fi araha kuma aka fi sakaci da ita, ita ce riƙe waɗanda suka yi aiki a rundunar musamman ta dindindin suka bar aiki da sauran ƙarfinsu.

Ƙaramin rukunin da Amurka ke amfani da shi, wanda ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, mutum 12 ne: kyaftin, mataimakinsa, babban saje mai kula da ayyuka, saje mai kula da bayanan sirri, sai mutum bibbiyu a fannoni huɗu, wato makamai, injiniya, jinya da sadarwa. Hikimar bibbiyun ita ce a iya raba rukunin gida biyu na mutum shida-shida ba tare da wani ɓangare ya rasa mai jinya ko mai rediyo ba. An kuma gina shi ne don ya koyar: mutum 12 su horar da ɗaruruwan mutanen gari su jagorance su. A nan ɗan ko-ta-kwana yakan fi sojan bariki. Wanda ke aikin jinya a asibiti kullum hannunsa na kan rauni. Injiniyan da ke gina hanya ya san nauyin da kowace gada za ta ɗauka. Ma'aikacin kamfanin waya ya san inda turakun sadarwa suke da abin da zai katse idan ɗaya ya faɗi. Ba gwamnati ce ta biya kuɗin wannan ilimin ba, amma tana cin moriyarsa.

Aikin da ya fi kowanne daraja, kuma wanda mutane suka fi raina shi, shi ne kallo. Rukunin mutum huɗu zuwa shida ya ɓuya a inda yake hango babbar hanya ko gada ko mahaɗa, ya bari maƙiyi ya wuce shi, ya riƙa aika rahoto: motoci iri kaza, guda kaza, sun nufi gabas da ƙarfe kaza, tankokin mai sun tsaya a wuri kaza. Wannan shi ne aikin da aka tanadar wa 'yan ko-ta-kwana na SAS a Jamus ta Yamma lokacin yaƙin cacar baka, idan da Sobiyat ta kutso. Su ba sa harbi. Ranar da suka harba bindiga, aikinsu ya ƙare, domin an san inda suke. Masu atilare da jirage ne ke amfani da abin da suka gani, kuma ƙaramar ƙasa da harsasan atilarenta ƙidayayyu ne tana buƙatar kowanne ya faɗa inda ya dace.

Wahalar aikin tana cikin ƙananan abubuwa. Ɗauki ruwa kawai. Litar ruwa kilo ɗaya ce, kuma a yanayi irin namu na bazara lita huɗu a rana ita ce mafi ƙaranci ga wanda ke kwance bai motsa ba. Mutum shida, kwana bakwai, lita 168 ke nan, kilo 28 a kan kowane mutum, ba a zo maganar abinci da batir da rediyo da makami da kayan jinya ba. Saboda haka ko dai wurin yana kusa da ruwan da za a iya tacewa, ko an tanadi ajiya tun da wuri, ko akwai mutanen gari da aka amince da su. Batir shi ne na biyu: rediyo da madubin dare da ƙaramin jirgi maras matuƙi duk ci suke yi, kuma sanyi da zafi suna rage musu rai. Na uku, wanda ke tona asirin maɓoya galibi ba sojan maƙiyi ba ne. Makiyayi ne, ko mai itace, ko yaro da karensa. Yanzu kuma an ƙara da jirage marasa matuƙa masu hango ɗumin jiki, da na'urorin da ke gano inda rediyo ko wayar hannu ke magana. Shi ya sa ake ɗora kowane rukuni a kan yankin da ya fito ko ya daɗe yana atisaye a cikinsa. Wanda ya san wace fadama ce ke cin mota a watan Agusta, wace hanya ce masu babur ke bi idan an tare babbar, wane mai unguwa ne bakinsa ke da nauyi, ya riga baƙo da abin da taswira ba ta nunawa.

Aiki na biyu jinkirtawa ne. Runduna mai tankoki a kan hanya take tafiya, kuma bayanta akwai dogon jerin motocin mai da abinci da harsashi waɗanda ba su da sulke. A Janairu 1940, a kan hanyar Raate, sojojin Finlan, akasarinsu 'yan ko-ta-kwana, suka sami runduna ta 44 ta Sobiyat ta miƙe a siririyar hanya cikin daji da ƙanƙara. Suka yanka jerin gunduwa-gunduwa, suka hana kowane yanki abinci da wuta, suka gama da su ɗaya bayan ɗaya. Yaƙin Finlan da Sobiyat gaba ɗayansa ya ɗauki kwana 105. Finlan ta rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta, amma ba a haɗiye ta ba, alhali maƙwabtanta uku na Baltik, wato Estoniya da Latbiya da Lituwaniya, an haɗiye su a shekarar. Mu ma muna da misali a gida: a Oktoba 1967 sojojin Biyafara da ke ja da baya suka karya gadar Neja ta Onitsha. Runduna ta biyu ƙarƙashin Murtala Muhammed ta yi ta yunƙurin ƙetare kogin da jiragen ruwa tana asara, Onitsha ba ta faɗi ba sai Maris 1968. Gada ɗaya ta ci watanni. Suwizalan ta ɗauki wannan darasi da gaske har ta yi shekaru da nakiyoyi a jikin gadoji da hanyoyin ƙarƙashin duwatsu, ba ta gama kwashe su ba sai 2014. Abin da ke da wuya a nan shi ne hukunci: wa ke da ikon cewa a karya? Idan aka yi gaggawa, an datse wa jama'a da sojojin gida hanyar tsira. Idan aka yi nawa, maƙiyi ya haye. Dole a rubuta sunan muƙamin da ke da wannan iko, da wanda zai gaje shi idan waya ta katse.

Aiki na uku shi ne jagorantar turjiya a yankin da aka riga aka mamaye. Yukren ta yi dokar turjiyar ƙasa a 2021, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022, ta ɗora jagorancin wannan fanni a kan rundunarta ta musamman. Estoniya tana da ƙungiyar sa kai ta tsaron ƙasa, Kaitseliit, wadda aka kafa a 1918 aka farfaɗo da ita a 1990. Amfanin yin abin a bainar jama'a shi ne maƙiyi ya sani tun kafin ya taso cewa kama babban birni ba zai kawo ƙarshen magana ba. Ƙasidar da Suwidin ta raba wa gidaje a 2018 ta faɗa wa jama'a ƙarara cewa duk labarin da suka ji na a daina turjiya ƙarya ne.

Yanzu ga inda abin ke lalacewa, kuma a nan ya kamata mai son fahimtar batun ya fi daɗewa.

Kira shi ne farko. Da Jamus ta afka wa Nowe a Afrilu 1940, umarnin tara sojoji da gwamnati ta bayar na wani ɓangare ne kawai, kuma bisa ƙa'idar lokacin ta gidan waya ake aika irin wannan kira. Kafin wasiƙu su isa, Jamusawa sun kama manyan biranen gaɓa da ma'ajiyoyin makamai da dama. Daga baya, a 1949, Nowe ta kafa doka cewa duk hafsa ya ɗauki hari a matsayin umarnin fita yaƙi, kada ya jira kowa, kuma kada ya saurari umarnin ajiye makami ko da da sunan sarki aka ba shi. Singafo tana sanar da kira da kalmomin sirri a rediyo da talabijin, kowace runduna ta san nata. Estoniya tana yin atisayen ba-zata mai suna Okas, inda ake kiran mutane ba tare da sanarwa ba don a ga nawa za su zo kuma cikin sa'a nawa. A 2015 Finlan ta aika wa 'yan ko-ta-kwana kusan 900,000 wasiƙa tana shaida wa kowa matsayinsa idan yaƙi ya tashi, tana kuma neman ya gyara bayanansa. Tsari mai kyau yana da hanyar kira aƙalla uku waɗanda ba su dogara da juna ba, domin layin waya da intanet su ake fara katsewa.

Rajista ita ce ta biyu. A ce ƙasa tana yaye zarata 100 a shekara tana riƙe su shekara 10. A takarda tana da 1,000. Cire wanda ya tafi ci-rani ƙasar waje, da wanda gwiwa ko baya ya lalace, da wanda ya sauya gari bai sanar ba. Sannan cire waɗanda aka ƙirga sau biyu, kuma wannan kuskure ya fi yawa: mutumin da ke cikin rajistar soja shi ne kuma ɗan sanda, ko likitan tiyata, ko mai kula da tashar lantarki, waɗanda ranar yaƙi ba za a iya ɗauke su daga inda suke ba. Adadin da mai tsari zai yi aiki da shi shi ne wanda ya bayyana a atisayen ba-zata na ƙarshe.

Sai kayan aiki. Da yaƙin Oktoba 1973 ya ɓarke, 'yan ko-ta-kwana na Isra'ila sun amsa kira da sauri, amma da yawa sun tarar da ma'ajiyoyi a hargitse, kaya ba su cika ba; an sake jin irin wannan kuka a yaƙin Labanan na 2006. Duk manomin rani a bakin Galma ya san injin ban-ruwan da aka jingine tun bara ba a tayar ba, ranar da ake buƙatarsa ranar yake ƙi. Batir yana mutuwa a ajiye, magani yana da wa'adi, roba tana tsagewa, rediyon da aka saya shekara takwas da suka wuce ba lalle ya yi magana da na yau ba. Akwai kuma taƙaddamar inda za a ajiye makami. Babbar ma'ajiya guda tana da sauƙin tsaro amma makami mai linzami ɗaya ya ishe ta. Rabawa gida-gida yana kawo sauri amma yana kawo sata da kisan kai da rikicin iyali. Suwizalan, wadda sojojinta ke ajiye bindiga a gida, ta yanke shawarar janye harsasan daga gidaje a 2007. Matsakaiciyar hanya ita ce ƙananan ma'ajiyoyi da yawa a hannun hukuma, kowace da littafin ƙidaya da mai binciken da ba daga rundunar yake ba.

Ƙwarewa kuma tana zubewa, amma ba da gudu ɗaya ba. Harbi da karanta taswira suna daɗewa a jiki, kwana kaɗan na atisaye ya dawo da su. Jinyar fagen daga, sarrafa rediyo mai sirri, jagorantar wutar atilare ko jirgi, da sauka da laima, waɗannan cikin watanni suke dushewa, kuma na'urorinsu sauyawa suke yi. Saboda haka kwanakin atisaye kaɗan da ake da su a kan waɗannan ya kamata a kashe su, kuma rukuni ɗaya ya riƙa yi tare, mutanen nan dai da suka san juna. Maci da fareti ba su da gurbi a nan. Ƙarfin jiki ma haka. A Yuli 2013 'yan ko-ta-kwana uku suka mutu sakamakon zafi a tsaunukan Brecon Beacons na Birtaniya yayin tattakin zaɓen shiga SAS, na kimanin kilomita 26 da kaya a baya. Mutumin da ya fito daga ofis ranar Juma'a jikinsa bai saba da abin da sojan bariki ya saba ba, kuma irin waɗannan mutane ba sa cewa sun gaji. Idan haka ta faru a Birtaniya, sai ka auna zafin Afrilu a nan. Dole a sami kwanakin sabo da yanayi, da ma'aunin zafi, da mai jinya da ke da ikon tsayar da atisaye ko kwamanda bai so ba.

Kada a manta da gida. Wanda bai tabbata aikinsa na jiransa ba, ko iyalinsa za su ci abinci, ko za a kula da su idan bai dawo ba, zai zo kira na farko, na biyu ya kawo uzuri. Dokar da ta hana mai kamfani korar wanda aka kira, da biyan alawus a kan lokaci, suna cikin tsaron ƙasa kamar yadda harsashi yake ciki.

Haɗari mafi girma na siyasa ne, kuma a yankinmu shi ya fi kusa. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙasashen Turai da dama sun kafa rukunonin sirri da za su yi turjiya idan Sobiyat ta mamaye su. A 1990 firaministan Italiya Giulio Andreotti ya tabbatar da wanzuwar na ƙasarsa, Gladio, a shekarar kuma aka bankaɗo P-26 a Suwizalan aka rusa shi. Abin da ya tayar da hankalin jama'a shi ne an yi shekaru da mutane masu horo da makamai a ɓoye ba tare da yawancin 'yan majalisa sun sani ba. A Afirka ta Yamma kuwa, Mamady Doumbouya da ya kifar da shugaba Alpha Condé ranar 5 ga Satumba, 2021 shi ne kwamandan rundunar musamman ta Gini, Assimi Goïta na Mali ma daga dakarun musamman ya fito. Ƙaramar runduna mai horo fiye da kowa, mai biyayya ga mutum ɗaya, tana iya kama fadar da aka kafa ta don ta tsare. Maganin da aka sani shi ne dokar majalisa da ta fayyace wa ke da ikon kira da kuma a wane hali, kwamitin majalisa da ke ganin kasafi da adadi ko da bai ga sunaye ba, sauya kwamandoji a kan wa'adi, ɗiban mutane daga kowane yanki da ƙabila, da raba mai riƙe da mutane da mai riƙe da mabuɗin ma'ajiya. Yarjejeniyar Geneva ta uku ta 1949 ma ta gindaya wa 'yan turjiya sharuɗɗa huɗu kafin a ɗauke su fursunonin yaƙi idan an kama su: shugaban da ke ɗaukar alhakinsu, alamar da ake ganewa daga nesa, riƙe makami a bayyane, da bin dokokin yaƙi.

Tsarin yana da iyaka. 'Yan turjiyar dazukan Estoniya da Latbiya da Lituwaniya sun yi ta fafatawa da Sobiyat daga 1944 har farkon shekarun 1950. Babu wanda ya kawo musu ɗauki, aka cusa musu 'yan leƙen asiri, a Maris 1949 aka kwashe mutum fiye da 90,000 daga ƙasashen uku zuwa Saiberiya, ƙauyukan da ke ciyar da su suka zama kufai. Kwanakin da zarata ke sayowa suna da amfani ne idan akwai wanda ke tafe. Wannan ne ya sa ƙasashen Baltik suka shiga ƙungiyar ƙawancen tsaro ta NATO a 2004, Finlan ta bi su a 2023 duk da yawan 'yan ko-ta-kwananta.

Game da ƙasashenmu: ga irin su Gambiya da Togo da Binin, lissafin ya yi kama da wanda na zayyana, sai dai barazanar juyin mulki ta sa sashen doka ya riga komai. Nijeriya kuwa ba ƙaramar ƙasa ba ce, ba ta da aikin soja na tilas, kuma abin da ke damunta daga cikin gida yake. Gwanintar aiki a bayan layin maƙiyi ba baƙuwa ba ce a nan. Barikin Chindit da ke Zariya, inda Daffo take tun da daɗewa tana yaye kurata, ya samo sunansa ne daga dakarun da suka kutsa dazukan ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a yaƙin duniya na biyu, waɗanda a 1944 akwai bataliyoyin Nijeriya a cikinsu. Abin da nake jan hankali a kai shi ne kada a haɗa wannan tsari da 'yan sa-kai. Burkina Faso ta kafa nata 'yan sa-kan bisa doka a 2020 da horon mako biyu, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha zarginsu da kashe fararen hula, musamman Fulani. Mako biyu yana koya wa mutum harbi, ba ya koya masa lokacin da ba a harbi, kuma wanda ke da gaba da maƙwabcinsa ba ya mance ta don an ba shi kaki.

Idan za a ɗauki wani abu daga tsarin a nan, a ganina daga waɗanda aka riga aka kashe wa kuɗi za a fara: sojojin da suka yi horon musamman, suka yi shekaru a fagen daga na Arewa maso Gabas, suka bar aiki da sauran ƙarfinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka matakin farko na takarda ne: rajista mai suna, fanni, ƙaramar hukuma, lambar waya biyu da sakamakon gwajin lafiya, ana sabunta ta duk shekara. Sai doka da ta ce a ƙarƙashin kwamandan soja mai ci kaɗai za su yi aiki, ba gwamna ko ɗan siyasa ba, makami kuma ya kwana a bariki. Sai atisayen mako biyu zuwa uku a shekara a wuri irin Jaji, da alawus da ke shiga asusu kafin mutum ya koma gida. Bayan shekara guda a yi kiran ba-zata a jiha ɗaya, a rubuta mutum nawa suka iso cikin sa'a 24, nawa cikin 48, nawa ne kayansu suka cika, a kai wa kwamitin tsaro na majalisa sakamakon kafin a ƙara ko mutum ɗaya a rajistar.